Gida a gangare: Me ya sa tsakar gida hawa-hawa ta fi doguwar katanga guda aminci?

Duk wanda ya nemi filin gini a Yawunde ya san cewa shimfiɗaɗɗen wuri ya zama sai mai hannu da shuni. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne gangare, wato gefen tudu, inda idan ka ajiye kwalba a ƙasa sai ta gangara ta bar ka. Ba banza ba ake yi wa babban birnin namu laƙabi da birni mai tuddai bakwai, hasali ma sunayen unguwanni irin su Nkolbison da Nkolndongo sun faro ne da kalmar "nkol", wadda ke nufin tudu a harshen Ewondo. 'Yan uwanmu da suka tashi a Briketeri, tsohuwar unguwar Hausawa da ta daɗe da cika ta batse, idan sun tashi yin nasu muhallin sukan tarar da kansu a irin waɗannan wurare na bayan gari. Haka lamarin yake a Bafusam da Bamenda, da wasu sassan Ngaundere da Mokolo.

To shi Bahaushe, kamar yadda mai karatu ya sani, gida bai cika gida a wurinsa ba sai da tsakar gida. A nan ake girki da wanki da shanya, a nan yara ke wasa, a nan ake shimfiɗa tabarmi ranar suna ko zaman makoki. Saboda haka da zarar ya mallaki fili a gangare, abu na farko da ke zuwa masa a rai shi ne ya kawo lebura ko motar haƙa a yanke tudun baki ɗaya, a baje shi ya koma kamar faifai, sannan a ja katangar bulo guda doguwa ta tare ƙasar da aka yanka. Idan aka gama, wurin kan yi kyau ga ido. Sai dai a wannan katangar ce haɗarin yake kwance, kuma ba ya nuna kansa sai damina ta yi nisa.

Abin da ƙasa ta riga ta yi mana

A daren 28 ga watan Oktoba na shekarar 2019, bayan kwanaki ana tafka ruwa, gefen wani tudu ya zaftaro a unguwar Guwash da ke Bafusam, ya binne gidaje da mutanen cikinsu suna barci, inda fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu, da yawansu ƙananan yara. Ranar 27 ga Nuwamba na 2022 kuma, a unguwar Damas ta Yawunde, jama'a na zaune cikin rumfuna wurin taron makoki a gindin wani yankakken tudu, sai ƙasar ta rufto musu, aƙalla mutum 14 suka mutu. Ba a cika shekara ba, ranar 8 ga Oktoba na 2023, ruwan sama ya fasa madatsar wani ɗan tafki a saman Mbankolo, laka da duwatsu suka share gidajen da ke ƙasa, aka rasa mutum kusan 30. A can Saliyo ma, zaftarewar dutsen da ke bayan birnin Firitawun ranar 14 ga Agusta na 2017 ta ci mutum fiye da dubu ɗaya, tsakanin waɗanda aka ga gawarsu da waɗanda suka ɓata.

Waɗannan su ne manyan da duniya ta ji labarinsu. Ƙananan kuwa, wato katangar da ta faɗa kan ɗakin girkin maƙwabci, ko ɗakin da ya tsage biyu saboda cikon da ke ƙarƙashinsa ya zauna, ba sa shiga rediyo, amma kowace unguwar gangare tana da nata labarin. Dokar tsara birane ta ƙasar nan, mai lamba 2004/003 ta ranar 21 ga Afrilu na 2004, ta haramta gini a wuraren da ke fuskantar ambaliya ko zaizaya ko zaftarewar ƙasa, ta kuma wajabta neman izinin gini daga hukumar gari. Akwai gangaren da babu wata dabara da za ta sa ya zama wurin kwana, kuma ba a kansa wannan rubutu yake magana ba. Maganarmu a kan matsakaicin gangare ce, irin wanda doka ta yarda a yi gini a kai, amma rashin sanin hali ke mayar da shi tarko.

Lissafin da ya kamata kowane mai fili ya sani

Ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ido ke nunawa. Mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ta ƙasa tana kai wa kimanin tan 1.8. Idan aka yanke ta a tsaye, ba ta son zama haka, kullum tana neman ta kwanta, kuma katangar da aka sa mata ita ke ɗaukar wannan turi. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, turin ba ya ƙaruwa daidai da tsayin katanga, ninkuwa yake yi. Katanga mai tsayin mita 2 ba ninki biyu na turin mai mita 1 take ɗauka ba, ninki huɗu ne. Mai mita 3 kuwa ninki tara.

Bari mu sa shi cikin alƙaluma. A ƙasa mai yashi-yashi wadda ba ta jiƙe ba, lissafin da injiniyoyi ke amfani da shi ya nuna cewa kowace mita ta katanga mai tsayin mita 1 tana tare turin da ya kai kilo 300. Idan tsayin ya kai mita 3, turin ya zama kilo 2,700 a kan kowace mita. Wannan fa da rani ke nan. Idan ruwa ya cika bayan katangar ya rasa hanyar fita, turin kan ninka fiye da sau biyu, ya doshi tan 6. Yanzu mai karatu ya dubi bulo na 15 da aka jera da ɗan siminti, babu rodi babu kankare a cikinsa, ya tambayi kansa ko zai iya da tan 6.

A ɗauka fili ne mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15, wanda samansa ya ɗara ƙasansa da mita 3. Mai son ya baje shi baki ɗaya zai kwashe ƙasa har mita 450 ta awon ciki, ya kuma gina katanga mai mita 3. Amma idan ya raba filin hawa uku, kowane hawa da zurfin mita 6 da 'yan kai, katanga uku zai yi masu tsayin mita ɗai-ɗai. Ƙasar da zai haƙa ta koma kashi ɗaya cikin uku, jimillar turin da katangun uku za su ɗauka kuma kilo 900 ne a maimakon 2,700. Bugu da ƙari, idan Allah Ya kawo tsautsayi katangar mita 1 ta faɗi, asarar kuɗi ce. Ta mita 3 idan ta faɗi sai dai a yi ta haƙa ana neman mutane.

Sai dai akwai sharaɗi. Hawa-hawan ba ya amfani idan aka matse katangun kusa da juna kamar matakalar bene, domin a lokacin nan nauyin ta sama na sauka ne a kan ta ƙasa, su zama tamkar katanga guda doguwa. Ƙa'idar da magina masu ilimin abin ke bi ita ce, tazarar da ke tsakanin katanga da katanga kada ta gaza ninki biyu na tsayin ta ƙasan. Idan ta ƙasa mita 1 ce, ta sama ta ja baya aƙalla mita 2. Duk katangar da za ta haura mita 1 da 'yan kai kuwa, aikin injiniya ce, ba na birkila shi kaɗai ba. A Amurka ma da zarar irin wannan katanga ta wuce ƙafa 4, wato mita 1.2, sai an nemi izinin hukuma.

Darasin mutanen dutse

Abin mamaki shi ne, wannan ilimi ba sai mun je ƙasar Turawa nemansa ba. Wanda ya taɓa bin hanyar Mokolo zuwa Koza ya ga yadda Mafawa suka sassaƙa duwatsun Mandara hawa-hawa tun daga gindi har ƙololuwa, suna noma dawa da gero a wuraren da akuya ma sai ta yi hattara. Katangunsu na tsurar dutse ne, babu siminti babu laka, galibinsu ba su wuce ƙugun mutum ba, kuma kowace ta ɗan jingina da tudun da take tarewa. Kafin kowace damina mai gona kan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da dutsen da ya zame. A can ƙetaren iyaka, a Sukur ta jihar Adamawa a Nijeriya, irin waɗannan gonaki da hanyoyin dutse ne suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a shekarar 1999. A 2025 kuma ta sanya kufan Diy-Gid-Biy na wajen Koza, waɗanda dandamaloli ne da matakalai na jeren dutse da aka gina ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kuma har yau ana ganin tsayuwarsu.

Me ya sa katangar da babu siminti ta shekara ɗaruruwa, ta bulo mai fenti kuma ta kasa cika damina biyar? Amsar ita ce ruwa. Jeren dutse duk jikinsa ƙofofi ne, ruwa na shiga ƙasa ya tsiyaye ta tsakanin duwatsun ya wuce abinsa. Katangar bulo da aka shafe da siminti kuwa madatsar ruwa ce da mai ita bai san ya gina ba. 'Yan uwanmu na ƙasar Adar a Jamhuriyar Nijar sun ga amfanin wannan dabara a aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984, inda jeren duwatsu a gefen tuddai ya rage gudun ruwa har ƙasar da ta mutu ta sake fitar da tsiro.

Saboda haka wanda Allah Ya hore wa dutse a filinsa ko kusa da shi, kada ya raina shi. Katangar dutse ta mita 1 tana son gindi mai kauri, kamar rabin tsayinta, a fara ta cikin rami a kan ƙasa mai tauri, manyan duwatsu a ƙasa, kowane dutse ya hau kan gaɓar biyun da ke ƙarƙashinsa, ana jefa dogaye a tsakani waɗanda za su kutsa cikin tudun. Ta riƙa kwantawa baya da kimanin santimita 10 zuwa 15 a kowace mita ta tsayi. Inda duwatsun ƙanana ne, akwai ragar waya da ake cikawa da su, wadda ake kira gabiyon, irin wadda muke gani a gefen hanyoyi da gindin gadoji. Ita ma ruwa na ratsa ta, kuma ko ƙasa ta ɗan motsa sai ta lanƙwasa ba tare da ta karye ba.

Wanda ya fi son kankare ko bulo, to ya yi shi da gaskiya. Harsashi mai faɗi wanda ya shiga ƙarƙashin ƙasar da ake tarewa, rodi da ya taso daga cikin harsashin ya ratsa katangar, bulo na 20 da aka cika cikinsa da kankare, sannan kwaɓin ya kai buhu 7 na siminti a kowace mita ta awon ciki, wato kilo 350 da maginanmu suka sani. A bayan katangar kada a mayar da jar ƙasar da aka haƙo, a zuba tsakuwa mai kaurin kamar santimita 30 tun daga gindi. A jikinta kuma a bar wuriya, wato a ratsa bututu a jere kusa da ƙasa, tazarar mita ɗaya zuwa biyu. Kakanninmu ba su taɓa gina katangar gida ba tare da wuriya ba. Abin takaici ne a ce yau mai gida na toshe ta don kada ta ɓata masa fenti.

Wata matsalar kuma ita ce ciko. Idan aka yanki ƙasa daga sama aka zuba a ƙasa don a daidaita hawa, rabin hawan na kan ƙasar asali ne, rabi kuma na kan ciko. Ciko kuwa sai ya shekara yana zama. Duk ɗakin da aka ɗora rabinsa a nan rabinsa a can, tsagewa zai yi daidai kan iyakar. Don haka gini mai nauyi ya zauna a ɓangaren da aka yanka, a bar ɓangaren ciko ya zama filin shanya ko lambu, shi ma a zuba shi kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana daɓewa kafin a ƙara wani.

Dandamalin katako

Akwai kuma hanyar da ba ta bukatar a taɓa tudun sam. A Amurka da Kanada da Ostireliya, inda gidaje da yawa ke gefen tuddai, abin da suka saba yi shi ne su kafa ginshiƙai a gangaren, su shimfiɗa dandamalin katako a kai, wani a sama daidai ƙofar ɗaki, wani a ƙasa da shi, matakala na haɗa su. Ƙasa na nan yadda Allah Ya yi ta, ruwa na bin hanyarsa ta ƙarƙashi, ciyawa da saiwoyi na riƙe da ita. Ga ƙasa irin tamu mai arzikin katako, wannan dabara ce da ta cancanci a duba, musamman a gangaren da ya yi tsanani har yankan sa zai bukaci doguwar katanga.

Amma shi ma dandamali yana da nasa sharuɗɗan, kuma su Amurkawan da jini suka koye su. Ranar 29 ga Yuni na 2003, a birnin Shikago, matasa sun taru wurin wata liyafa a barandar katako ta bayan wani bene. Ta hawa na uku ta karye ta faɗa kan ta biyu, duka suka rufta ƙasa, mutum 13 suka mutu, fiye da 50 suka jikkata. Daga baya aka gano an yi barandar ba tare da izinin hukuma ba. Ƙa'idar ginin gidaje ta ƙasar tana bukatar dandamali ya iya ɗaukar kimanin kilo 195 a kowace murabba'in mita, wato kamar manya uku tsaye. A wurinmu wannan shi ne mafi ƙaranci, domin duk wanda ya san yadda mata ke cika gida ranar biki ya san manya uku a mita ba wani abu ba ne, balle idan kiɗa ya yi daɗi aka shiga rawa ana dira ƙafa lokaci guda.

Rayuwar dandamali tana ga ginshiƙansa. Kowane ginshiƙi yana son nasa harsashin kankare, wanda aka haƙa har ya wuce ƙasar sama mai laushi ya iske mai tauri. A gangare, zurfin ana auna shi ne daga ɓangaren ƙasa na ramin, ba daga na sama ba, domin nan ne ruwa zai fara ci. Kada a binne katakon cikin ƙasa ko cikin kankaren. Kankaren ya taso sama da ƙasa kamar taƙi guda, a dasa masa takalmin ƙarfe, ginshiƙin ya zauna a kai. Ta haka gindinsa ba zai sha ruwa ba, kuma idan gara ta fara gina hanyarta za a gan ta. Ginshiƙan ɓangaren ƙasa su ne dogaye, kuma dogon ginshiƙi lilo yake yi, saboda haka sai an ɗaure su da katakai a gicciye. Wannan ma wani dalili ne na yin hawa biyu ko uku gajeru a maimakon guda mai tsayi kamar hasumiya.

Inda dandamali ya fi yawan cin amana shi ne mahaɗarsa da bangon ɗaki. Kafinta mai gaggawa kan buga katakon da ƙusa ya tafi, alhali ƙusa zarewa take yi sannu a hankali. Wurin yana bukatar ƙusoshi masu noti da za su shiga cikin kankaren ginin, ba cikin ramin bulo ba. Mafi aminci ma shi ne a ƙara jerin ginshiƙai a jikin bangon, dandamalin ya tsaya da ƙafafunsa ba tare da ya rataya a jikin ɗaki ba. Manyan katakan da ke ɗauke da shimfiɗar su hau kan ginshiƙi su zauna, kada a manna su a gefensa.

Batun irin katako kuwa, a nan ne mutane ke son arha ta kashe su. Ayus da farake, waɗanda suka cika kasuwa, na cikin ɗaki ne da aikin zuba kankare, idan aka bar su a waje ruwa da gara za su gama da su cikin ɗan lokaci. Na waje su ne irin su azobe da tali da dusiye da paduk da loko, waɗanda dazukan kudancin ƙasar nan ke fitarwa har Turai ana shimfiɗa irin wannan dandamali da su. A arewa, azarar giginya da kirya sun daɗe da shan yabo wajen jure gara. A bar 'yar tazara kamar rabin santimita tsakanin allo da allo don ruwa ya zube. Ƙusoshin su zama waɗanda ba sa tsatsa. Wanda ya sayi katakon da aka jiƙa da magani mai launin kore-kore, ya hana a kai guntayensa murhu, domin wani irin maganin yana ɗauke da gubar arsenik, dalilin da ya sa Amurka ta daina amfani da shi a gidajen zama tun ƙarshen 2003.

A ganina, dandamalin katako wurin shan iska ne da karɓar baƙi da karatun yara, ba madadin tsakar gida ba. Ba a kafa murhu ko kaskon gawayi a kansa, ba a daka a turmi a kansa, kuma wanki kullum zai ruɓar da shi. Tsarin da ya fi dacewa da zamanmu shi ne a haɗa biyun: hawan da ke kan ƙasa mai daɓe ya zama na girki da wanki, na katakon kuma ya leƙa gangaren inda yanka ba zai yiwu ba.

Matakala da makari

Hawa-hawa na nufin hawa da sauka kullum, ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga mai juna biyu, ga yarinya ɗauke da bokitin ruwa. Wani masanin gini na Faransa mai suna Faransuwa Bulondel ya fitar da ƙa'ida tun a ƙarni na 17, wadda har yau ake koyarwa a makarantun sana'a: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya ba da santimita 60 zuwa 64. Hawan mita 1 ke nan zai ci taki 6, kowane da tsayin santimita 17 ba kaɗan, da faɗin 30. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne taki guda ya bambanta da sauran, domin ƙafa ta riga ta saba da awon farko.

Duk bakin da mutum zai iya faɗowa daga tsayin mita 1 yana bukatar makari. Ƙa'idar Faransa, wadda maginanmu suka fi sani, ta ce tsayinsa ya kai mita 1, tazarar sandunansa kuma kada ta wuce santimita 11, don kada kan yaro ya shiga. Sandunan su kasance a tsaye, domin na kwance tsani ne ga yaro mai ƙiriniya.

Ruwanka, maƙwabcinka

Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Yawunde cikin Satumba da Oktoba, zai zubo da lita 5,000, wato durom 25. Idan aka bar indararo yana zuba a bayan katangar tare ƙasa, mai gida da hannunsa yake cika madatsar da za ta karye. Ruwan rufi ya bi bututu zuwa tanki ko lambatu. A saman fili a ja 'yar magudana da za ta kare ruwan da ke gangarowa daga na sama, kowane hawa kuma a ɗan karkata daɓensa, kamar santimita 2 a mita, zuwa magudanar gefe. Ramin masai da na ruwan wanka su yi nesa da bayan kowace katanga, domin su ba su san rani ba, kullum jiƙa ƙasa suke yi. A gefen da aka bari babu gini, a dasa jema a jere. Saiwarta na nutsawa ƙasa sosai tana ɗaure ta, ba kamar ayaba ba wadda saiwarta a sama take.

Sai dai ruwan da ya fita daga gidanka gidan wani zai shiga. A gangare kowa na ƙarƙashin wani, kuma rigingimu da dama da ake kai wa gaban mai unguwa daga nan suke tasowa: na sama ya sako wa na ƙasa ruwa, ko na ƙasa ya yanke tudu har gindin katangar na sama ya bar ta a rataye. Kafin a sa diga, ya kamata a zauna da na sama da na ƙasa a yi shawarar inda magudana za ta bi, ko da za a haɗa kuɗi a yi guda. Haka nan mai dandamali ya tuna cewa daga samansa ana hango tsakar gidan na ƙasa da iyalinsa. Asabari ko zana ko jeren shuke-shuke a wannan ɓangaren ba su da tsada, kuma haƙƙin maƙwabtaka ne.

Lokacin aikin haƙa shi ne rani, daga Disamba zuwa Fabrairu a kudu, a arewa kuma har zuwa Afrilu, domin yankakken tudun da damina ta riska babu katanga shi ne mafi haɗari. Wanda ya riga ya gina kuma, ya riƙa zagaya gidansa bayan kowane babban ruwa. Katangar da ta fara yin ciki ko ta sunkuyo, tsagewar ƙasa a kwance a saman gangare, ƙofar da ta fara cijewa alhali da ba ta yi, bishiya ko turken lantarki da ya karkata, ruwa mai laka da ke ɓulɓulowa daga gindin tudu, duk alamu ne cewa ƙasa ta fara tafiya. Wanda ya ga haka ya kwashe iyalinsa daga ɗakin da ke ƙarƙashin wurin a daren, ya nemi injiniya da safe, ya kuma sanar da na ƙasa da shi. Mai dandamalin katako kuwa, kafin faɗuwar ruwan farko ya ɗauki sukundireba ya bi gindin kowane ginshiƙi da mahaɗar bango yana sokawa, duk inda ta nutse cikin sauƙi a sauya katakon kafin a sake tara jama'a a kai.